Yadda ake nemo burbushin halittun teku a dutse, da yadda za ka gane abin da ka tsinto

Mutanenmu na Jos mun san dutse, wannan ba sai an faɗa ba, kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa aikin kuza ko ya san mai harkar duwatsu masu daraja. Amma duk ranar da na ɗora wa mutum amonayit, wato ɓawon wata tsohuwar halitta mai naɗi kamar ƙahon rago da ya zama dutse, a tafin hannu na ce masa wannan dabbar teku ce kuma a jihar Gombe na tsinto ta, sai ya tsaya yana kallona, wai ina Gombe ina teku. To wallahi teku ya taɓa kwanciya a wurin, kuma duk mai son ya gani da idonsa zai iya, kayan aikin ba su da tsada, abin da ya fi wuya shi ne haƙuri da kuma rubuta inda ka samo kowane dutse. Bari in bi da kai daki-daki yadda nake yi.

Abu na farko, ka cire rai da samu a cikin Jos. Na san yaran da suka ɓata sati suna fasa dutse a Shere Hills da wajen Riyom, ba su samu komai ba kuma ba za su samu ba. Duwatsun nan namu na Filato yawanci giranit ne, wato narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ma ake samun kuza da kolombayit a jikinsu, sannan ga baƙin dutsen aman wuta irin na wajen Panyam da Kerang. Abin da wuta ta dafa ba ya ajiye katantanwa. 'Yan Abuja ku ma haka, Zuma da Aso duk babu. Dutsen da kake nema shi ne wanda ya samu daga laka da yashi da suka kwanta a ƙasan ruwa suka danne juna shekara da shekaru har suka ƙame, za ka gan shi shimfiɗe hawa-hawa kamar an jera tabarmi.

Irin wannan dutsen yana cikin kwarin Binuwai da reshensa na Gongola. Asalin abin shi ne lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari daga kudu har zuwa arewa maso gabas, ruwan teku ya biyo kwarin ya shigo, kuma wajen shekara miliyan 94 da suka wuce ruwan ya yi yawan da har ya haɗe da tekun arewa ta cikin Sahara, ta Nijar da Aljeriya. Shi ya sa irin amonayit ɗin da ake samu a Gombe ake samun 'yan'uwansa a Damargu ta Nijar. Masana suna kiran zamanin Kiretashiyos. Ikon Allah kenan, inda yau ake noman dawa da wake da can kifi ne ke yawo.

Wuraren da suka yi suna su ne Ashaka kusa da Bajoga a ƙaramar hukumar Funakaye, inda ake fasa farin dutsen siminti, da Pindiga a ƙaramar hukumar Akko, da Gongila. Daga Jos ka hau mota a tashar Bauchi Road, ka bi ta Bauchi zuwa Gombe, wajen kilomita 280 ne, daga can ka nemi ta Bajoga ko ta Kumo. Wanda ke Abuja ya fi masa kusa ya bi ta Keffi da Akwanga zuwa Lafiya, ya gangara wajen Awe da Keana inda ake dafa gishiri, ko ya wuce Yandev kusa da Gboko, can ma akwai dutsen siminti na tsohon teku. Mai ƙarfin tafiya kuma akwai Sakkwato, Kalambaina da Dange, amma dutsen Kalambaina ya fi na Gombe ƙuruciya, bayan ƙarewar amonayit ya kwanta, don haka kayan cikinsa daban ne, zan zo kansa.

Kafin ka tashi ka samu taswirar duwatsu. Hukumar binciken ƙasa ta NGSA da ke da hedikwata a Abuja ita ke fitar da su, kuma sashen jiyoloji, wato ilimin duwatsu, na Jami'ar Jos ma wuri ne da za ka je ka yi sallama ka yi tambaya, ɗalibansu na fita irin wannan aikin. Taswirar za ta nuna maka sunan shimfiɗar dutsen kowane yanki. In ka ga an rubuta Pindiga ko Gongila to kana kan hanya. In ka ga Bima, wannan dutsen yashi ne na koguna, kada ka sa ran katantanwar teku a ciki.

Lokaci kuma, ni na fi son daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Damina ta gama wanke gaɓar rafuka ta fito da sabbi, ruwa ya janye, zafi bai kankama ba. Kada ka shiga kwazazzabo da damina, ruwan da aka yi a wani gari can sama zai iya iso maka kana tsakiyar rafi alhali inda kake ko hadari babu. Maris da Afrilu kuma ɗan Jos ba zai ji daɗin ranar Gombe ba, na gwada, kafin azahar na ajiye guduma.

Kayan aiki: guduma mai ɗan nauyi irin ta magina, kurfi na fasa dutse guda biyu babba da ƙarami, tabarau na kare ido irin na masu walda amma farare, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, tsofaffin jaridu da yawa, leda, littafi da biro, maka wato alƙalami mai kaurin rubutu, ruwan sha fiye da yadda kake zato, da ɗan gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin wanda masu sayen duwatsu ke dubawa da shi, a Jos ba wuyar samu. Sai 'yar kwalbar binega, ruwan nan mai tsami da ake sa wa a girki. Tabarau ɗin nan kada ka raina shi, ɓallin dutse yana tashi kamar harsashi. Kuma kada ka taɓa buga guduma a kan wata guduma, ƙarfen kan ɓalle.

In ka isa garin kada ka zarce daji. Ka fara zuwa wajen mai unguwa ko dagaci, ka cire takalmi ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili, ka nuna hoto a waya. Mutane sun sha ganin baƙi masu neman ma'adinai a ɓoye, dole su yi zargi. Zuwana na farko wani ƙauye a yankin na ce wa dagacin, ranka ya daɗe, ba zinare nake nema ba, wani dutse ne mai kama da ƙahon rago a naɗe. Sai wani dattijo da ke gefe ya ce, ɗana ai wannan yara ke wasa da shi a bakin rafi, ya kira jikansa ya ce ya raka ni. Abin da zan yi kwana biyu ina nema yaron ya kai ni cikin minti 20. Ka sallami ɗan rakiya da kyau, ka kuma tambayi lafiyar hanya kafin ka shiga kowane daji, zamanin nan ba a tafiya da ka. Ramin kamfanin siminti kuwa wurin aiki ne, ana tashin nakiya, manyan motoci na kai da kawo, ba a shiga sai da izini a rubuce da hular kwano da mai rakiya daga wajensu. In ba a ba ka ba ka haƙura, rafukan da ke kewaye sun isa.

Yanzu ga ka a bakin rafi. Kada ka fara da guduma. Ka fara da ido. Ka tsaya ka kalli gaɓar daga ƙasa zuwa sama, za ka ga shimfiɗar baƙin dutsen laka mai ɓarewa falle-falle, a tsakaninta kuma ga siraran layuka na dutse mai tauri, fari-fari ko ruwan toka ko ruwan ƙasa. Waɗannan masu taurin su ne dutsen siminti, kuma yawanci a nan amonayit da kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu, suke taruwa. In kana shakka ka kankare ɗan gari daga jikin dutsen ka ɗiga binega, in ya yi 'yan ƙananan kumfa to shi ne. Wani lokaci za ka ga wani abu na ƙyalli kamar fasasshen gilashi a cikin lakar, in farcenka ya iya karce shi to wani ma'adini ne da ake kira jifsam, ba halitta ba ce.

Ka yi tafiya a hankali kana duban tarkacen da ya zubo a gindin gaɓa, rana a gefenka, da safe ko da la'asar lokacin da inuwa ke fito da zanen jikin dutse. Da tsakar rana komai fari fat yake zama. Abin da idonka ke nema shi ne tsari, wato lanƙwasa mai kyau, ko layuka da ke maimaita kansu, ko abu mai gefe biyu iri ɗaya. Rabin awa na farko ba za ka ga komai ba, da ka tsinci ɗaya sai ido ya buɗe ka fara ganinsu ko'ina. Duk dutsen da za ka juya ka juya shi da bakin guduma, kuma ka ɗaga shi ta yadda buɗewar ba ta fuskance ka ba. Yankin Gombe akwai kububuwa sosai, har asibiti na musamman na saran maciji ke akwai a Kaltungo, ga kunama kuma. Kada ka zura hannu a rami, kada ka tsaya ƙarƙashin gaɓar da ta rufo.

In ka samu wanda ke manne a jikin dutse, a nan ne mutane ke yin ɓarna. Ba a dukan abin kansa, ba a kuma sa kurfi a jikinsa a ce za a ɓamɓaro shi. Ka ja baya kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, ka sassaƙa rami kewaye da shi, bakin kurfi yana kallon waje ba wajen abin ba, ka yi ta zurfafawa har ya zama kamar yana zaune a kan ɗan turmi, sannan ka sa kurfi a gindin turmin ka buga sau ɗaya mai kyau. Gara ka ɗauko shi da ragowar dutse a jiki ka gyara a gida. In ya fashe kada ka jefar, ka tattara gutsattsarin duka ka naɗe kowanne daban ka sa su leda ɗaya. In ka ga ba zai fita lafiya ba ka ɗauki hoto ka bar shi, damina mai zuwa za ta yi aikin.

To ga wurin da na fi damuwa da shi, kuma in ka manta komai kada ka manta wannan. Kafin ka ɗaga abin daga inda yake ka ɗauki hotonsa a wurin da biro a gefe don a ga girma, ka adana lokeshan a waya, ka ba shi lamba, ka rubuta a littafi: lamba kaza, rana kaza, rafi kaza kusa da gari kaza, daga shimfiɗa ta nawa in an ƙirga daga ƙasa, ko kuwa a zube na same shi. Ka rubuta lambar a 'yar takarda ka naɗe tare da shi. Dalili shi ne amonayit agogo ne a wajen masana, irinsu na canzawa da sauri daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa, da su ake gane wace ta girmi wace, ake kuma haɗa dutsen Gombe da na Tunisiya ko Burazil. In ba a san inda ya fito ba wannan amfanin ya tafi gaba ɗaya. Tafiyata ta farko na cika buhu daga rafuka uku na haɗe su wuri ɗaya, da na kai wa wani malamin jiyoloji ya ɗauki ɗaya ya jujjuya ya ce, malam wannan mai kyau ne, daga ina, a wace shimfiɗa? Na kasa amsawa. Ya ajiye shi a hankali ya ce to sai dai ado. Har yau abin yana min ciwo don ban sake samun irinsa ba.

Naɗi kuma kowanne da jaridarsa, masu nauyi a ƙasan jaka, ƙanana a kwalin ashana da auduga. Hanyar nan akwai gargada, in suka gogi juna kafin ka iso Jos zanen ya goge. Kuma kada ka kwashe wuri tas, biyu ko uku na kowane iri sun isa.

A gida ka fara da busasshen buroshin haƙori. Wanda ke cikin dutsen siminti mai tauri za ka iya wanke shi da ruwa da buroshi ka shanya a inuwa. Wanda ke cikin dutsen laka kada ruwa ya taɓa shi, na taɓa jiƙa wata kawa mai kyau a bokiti da daddare, da safe taɓo na tarar. Ragowar dutsen da ke jiki ka riƙa ɓalle shi kaɗan-kaɗan da allura babba ko ƙusa da ka wasa, ka ɗora abin a kan jakar yashi, kullum kana turawa waje. Binega kuma ta gwaji ce kawai, kada ka jiƙa abin a ciki, ɓawon shi ma sinadarinsa ɗaya da dutsen, tare za su narke. Wanda ya karye ka gwada haɗa shi a bushe tukuna, in ya zauna daidai ka sa gam ɗan kaɗan. Kada ka shafa masa fanis ko mai don ya yi ƙyalli, yana toshe ƙananan zanen da ake gane shi da su. Daga nan ka ɗiga ɗan farin fenti a wurin da ba ya da zane, ya bushe, ka rubuta lambar a kai.

Sai ganewa, nan ne daɗin yake. Ka fara da tambaya ɗaya: a naɗe yake ko ba a naɗe ba?

In a naɗe yake kamar gammo, naɗin a kwance, gefen dama da na hagu iri ɗaya, to ko amonayit ne ko wani ɗan'uwansa da ake kira notilus. Ka ɗauko gilashinka ka duba inda ɓawon ya goge, za ka ga wasu layuka sun ratsa jikin. Waɗannan sawun bangayen da suka raba cikin ɓawon ɗaki-ɗaki ne, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na baki, sauran ɗakunan kuma da su take daidaita hawa da sauka a ruwa. In layukan sun yi ƙwalisa, sun yi rassa kamar zanen lalle a hannun amarya, amonayit ne. In sun tafi sumul da 'yar lanƙwasa kawai, notilus ne. Amonayit sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce tare da dainoso, manyan dabbobin nan na zamanin da masu kama da ƙadangare, notilus kuwa har yau akwai jikokinsa a teku, shi ya sa a dutsen Kalambaina za ka iya samun notilus amma ba amonayit ba. A Ashaka da Pindiga wanda za ka fi cin karo da shi shi ne mai kumburi kamar lemo ko ƙwallo, jiki kusan sumul, cibiya a lotse, yawanci dangin Vascoceras ne. Akwai kuma wasu da Turawan da suka yi nazarinsu a shekarun 1950 suka raɗa wa sunan garuruwanmu, Gombeoceras da Bauchioceras, ranar da na fara jin sunayen nan sai da tsigar jikina ta tashi. Amma ka yi hattara da saurin sa suna, iri ɗaya yakan fito wani siriri wani mai ƙiba, masanan ma sun sha canza musu suna. Rubuta amonayit, mai yiwuwa Vascoceras, ya fi ka rubuta abin da ba ka tabbatar ba.

In naɗin ya tashi sama ya yi tsini kamar katantanwar dodon koɗi, babu ɗakuna a ciki, to dangin dodon koɗin teku ne. Wasu dogaye ne sirara kamar sukuru. Sau da yawa ɓawon ya riga ya narke, abin da ka riƙe lakar da ta cika cikinsa ce ta ƙame, shi ya sa za ka ga tazara tsakanin naɗi da naɗi.

In ɓawo biyu ne kamar makankari, to dangin kawa ne, kuma su ne suka fi yawa, wani wurin shimfiɗa guda sukutum kawa ce. Ta tsohon tekun nan takan zo da ɓawo ɗaya mai kauri mai zurfi da baki a murɗe gefe, ɗayan kuma a baje kamar murfi, irin wannan ana sa ta a dangin Exogyra. Akwai wata halitta daban mai kama da su da ake kira burakiyofod, ga yadda ake rabewa: ɗauki ɓawo ɗaya ka ja layi a tsakiyarsa daga baki zuwa ƙasa, in dama da hagu sun yi daidai burakiyofod ne, in ɓawon ya karkata gefe ɗaya to dangin makankari ne.

Wanda na fi so shi ne bushiyar teku. Ƙaramin abu ne kamar masa ko ƙosai, wani da siffar zuciya, a samansa akwai zanen fure mai ganye biyar da ƙananan huji a jere, in ka duba da gilashi za ka ga ɗigo-ɗigo inda ƙayoyin suke a da. Duk inda ka ga biyar ɗin nan ba ka da sauran shakka. Dutsen Kalambaina ya yi suna da su, a Gombe ma ana samu.

Akwai masu yaudara kuma. Dunƙulen dutse mai kama da ƙwai ko ƙwallo wanda ba shi da wani zane, wani in ka fasa ciki ya tsattsage kamar bayan kunkuru, wannan haɗuwar sinadari ce kawai, ko da yake wani lokaci akan samu halitta a tsakiyarsa. Baƙin zane mai kama da reshen bishiya a fuskar dutse shi ma ba ganye ba ne, manganis ne ya bi tsaga. Marmara ma takan yi ramuka kamar saƙar zuma ta ruɗi mutum. Sannan in wani ya kawo maka tirilobayit, ƙwaron nan mai jiki kashi uku, ya ce daga Gombe ko Binuwai ya fito, kada ka yarda. Sun ƙare tun wajen shekara miliyan 252, tun kafin tekun nan namu ya shigo. Yawancin na kasuwa daga Maroko suke, kuma akwai na jabu da yawa da ake zubawa da roba, in ka duba da gilashi za ka ga 'yan ramukan kumfa a jiki.

In za ka tura wa masani hoto, ka ɗauki uku: ta gefe, ta baya wato doron naɗin, da ta baki, ga rula a gefe, haske yana zuwa daga gefe ɗaya, ka haɗa da bayanin wurin da ke littafinka. Hoto ɗaya daga sama ba ya isa a gane amonayit, siffar bayansa da faɗin cibiyarsa su ake dubawa.

Ajiya kuma a wuri busasshe, kowanne a kwalinsa da takardarsa. Damshin daminar Jos yana da illa ga waɗanda ke da wani ƙarfe-ƙarfe mai ruwan zinare a jiki, fayirayit ake ce masa, in ka ga farin gari ko rawaya ya fara fitowa da ɗan warin ƙibiritu ka ware shi daga sauran nan take, ka sa shi a roba mai murfi da 'yan ƙullin nan masu shan damshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Maganar sayarwa ko fita da su waje kuwa ka fara tambayar hukuma tukuna, ni dai ba na sayarwa. In kuma ka ci karo da ƙashi, ko haƙori babba, ko jerin ƙashin baya a jikin dutse, wannan ya wuce aikin guduma da kurfi, a yankin Goronyo an taɓa haƙo wani ƙaton dabban teku da aka sa wa suna Goronyosaurus. Ka ɗauki hoto da lokeshan, ka rufe shi da ɗan yashi, ka sanar da dagaci, ka kai labari sashen jiyoloji ko ofishin NGSA.